Ma'anar “sabo da salfaid”: abin da ke faruwa a ƙwayoyin gadon halittun teku

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu yashe lambatu a Sabon Gari ko Tudun Wada, ya ga baƙin taɓon da ake kwasowa, ya kuma shaƙi warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi, to ya riga ya san salfaid. Iskar da ke wannan warin ita ce haidirojin salfaid, wadda ake rubutawa H2S. Bakteriya ne ke samar da ita a inda oksijin ya ƙare, baƙin kuwa haɗuwarta ce da sinadarin ƙarfe da ke cikin laka. A teku abin ya fi tsanani, domin kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da wajen milimol 28 (mol ma'aunin yawan sinadari ne, milimol kuma ɗaya bisa dubunsa) na salfet, wanda shi ne bakteriyar ke mayarwa salfaid. Amma a cikin irin wannan taɓon ne tsutsotsin teku da kumba da ƙaguwa da dodon koɗi suke kwana suke tashi.

Idan masana suka ce halitta ta “saba da salfaid”, abu biyu ake cakuɗawa, kuma ɗaliban kimiyyar halittu a Samaru kan yi tuntuɓe a nan. Na farko sabo ne na gaskiya: sauyin da ke faruwa a jikin dabba ɗaya cikin sa'o'i ko kwanaki. Na biyu gado ne: sauyin rubutun DNA kansa, wanda ke taruwa a zuri'a bayan zuri'a. Ƙwayar gado kamar shafi ce a littafi. A sabo ba a goge ko harafi ɗaya; abin da ke canzawa shi ne sau nawa ake buɗe shafin a kwafe shi. Kwafin shi ne mRNA, daga gare shi kuma ake ƙera furotin.

Kafin a gane kariyar sai an san inda dafin ke kamawa. H2S ba ta buƙatar ƙofa, tana ratsa fatar sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki, kai tsaye. A cikin maitokondiriya, inda sel ke ƙona abinci ya samu ƙarfi, ilektiron na bin tashoshi huɗu, ta ƙarshe ita ce inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna saitokurom si oksides, wanda ke miƙa su ga oksijin. Salfaid na liƙe wa wannan inzayim, wurin da gubar sayanaid ke kamawa. Sai dabba ta shaƙe alhali ga oksijin a jikinta. Sa'ar ita ce liƙewar ba ta dindindin ba ce; in salfaid ya ragu, inzayim ɗin ya koma aiki.

Babbar garkuwar ita ce ƙone salfaid kafin ya kai can, kuma inzayim uku ne ke wannan aikin bi da bi. SQR ke fara karɓar salfaid, ya cire masa ilektiron biyu ya zuba su a layin numfashi, wato jerin tashoshin nan huɗu, ya bar abin da ake kira fasalfaid. ETHE1 ya sa oksijin ya mayar da shi salfait. Rodanis kuma ya haɗa salfait da wani salfa, a samu tayosalfet, wanda dafinsa kaɗan ne, jiki kuma na iya fitar da shi. Hildebrandt da Grieshaber ne suka fayyace wannan jerin a 2008, a tsutsar rairayin gaɓar Turai mai suna Arenicola marina da kuma hantar ɓera. Wato mu ma muna da shi, hanjinmu na amfani da shi kan salfaid ɗin da bakteriyar ciki ke samarwa. Tun 1986 kuma Powell da Somero suka nuna cewa kumba mai suna Solemya reidi har ƙarfi take samu daga wannan ƙonawar. Idan salfaid kaɗan ne abinci ne. Idan ya yi yawa ya toshe tasha ta huɗu, SQR kansa ya rasa inda zai sauke ilektiron, komai ya tsaya.

A nan ne halittu marasa ƙashin baya da yawa suka fi mu. Suna da hanyar ratse, inzayim mai suna AOX, wanda ke karɓar ilektiron tun kafin tasha ta uku ya miƙa wa oksijin, kuma salfaid bai cika kama shi ba. Ƙarfin da ake samu ta nan ya ragu ƙwarai, amma SQR na ci gaba da sharar guba. In abin ya gagara, dabbar ta koma rayuwa ba oksijin, tana cin gilaikojin, wato sukarin ajiyar da ta tara, sinadarin saksinet na taruwa a jikinta. Wannan mai ƙarewa ne, shi ya sa daɗewar salfaid ta fi yawansa na ɗan lokaci kisa.

Ɗaya daga tsutsotsin da aka bincika sosai a matakin ƙwayar gado ita ce Urechis unicinctus, mai rami a gaɓar Sin da Koriya da Japan. Idan aka sa ta a ruwa mai salfaid, kwafin ƙwayar gadon sqr, wadda daga gare ta ake ƙera SQR, na ƙaruwa, kuma an nuna cewa furotin mai suna HSF1 na cikin masu buɗe wannan shafin. Ba sau ɗaya kuwa dabbar ke haɗuwa da salfaid ba; maimaituwar daga yanayin wurin take. A yawancin gaɓoɓi ruwan teku na janyewa sau biyu a rana, ruwan rami ya daina sabuntuwa, salfaid ya taru, sannan ruwa ya dawo ya wanke. Saboda haka tambayar masu bincike ita ce: shin karo na biyu daidai yake da na farko? Alamu uku ake nema. Ko ƙwayar gado ta tashi da sauri fiye da da, ko ta ƙi sauka bayan karon farko ta zauna cikin shiri, ko kuma ta daina zabura saboda furotin ɗin da aka ƙera tun farko yana nan yana aiki. Ana kuma duba alamomin metil da ake ɗora wa DNA da sauye-sauyen furotin ɗin histon da DNA ke naɗe a kai, domin suna iya barin shafi a buɗe ba tare da an taɓa rubutunsa ba.

Gwajin kansa akwai tarko a ciki. Da sodiyom salfaid ake haɗa ruwan, sinadarin da majemun zamani ke cire gashin fata da shi. Irin mai ɗauke da ƙwayoyin ruwa guda tara a jikinsa nauyinsa giram 240 ne a mol, don haka miligiram 12 a lita ke ba da maikromola 50. Amma wannan adadin ba ya zama: wani ya tashi sama, wani oksijin ya ƙone shi. Dole a riƙa aunawa ana ƙarawa, a ɗaure samfurin ruwa da zink asitet nan take, a auna da hanyar shuɗin metilin ta Cline ta 1969 da haske mai tsawon zango nanomita 670. Sinadarin na ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, alhali pH ne ke yanke nawa ne zai zama H2S mai ratsa sel. Kusa da 7 kusan rabi ne, a 8 bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Yana kuma cinye oksijin, don haka in ba a ware rukunin da aka rage wa oksijin kaɗai ba, ba za a san wa ya tada ƙwayar gadon ba. A yi aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, kada a dogara da hanci, domin daga wajen kashi 100 cikin miliyan hanci kan daina jin warin.

Sai a haɗa rukuni uku: wanda bai taɓa ganin salfaid ba, wanda ya gani sau ɗaya, da wanda ya gani ya huta ya sake gani. A yanki nama a sa'o'i daban-daban, a jefa shi a ruwan naitirojin mai tsananin sanyi nan take, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri, domin mRNA ba ta jira, saurin lalacewa take yi. Mu lura kuma cewa yawan kwafi ba shi ne yawan aiki ba. Sai an auna furotin ɗin da ƙarfin inzayim ɗin kafin a ce dabba ta samu kariya.

Gado kuwa misalinsa Riftia pachyptila, doguwar tsutsar da aka gano a 1977 kusa da tsibiran Galafagos, a zurfin wajen mita 2,500. Ba ta da baki ba ta da hanji. Jininta ke ɗaukar oksijin da salfaid tare ya kai wa bakteriyar da ke ciyar da ita. Hanyar raba irin wannan da sabo ita ce a haifi 'ya'ya da jikoki a ruwa mai tsabta, daga iyayen taɓo mai salfaid da iyayen wuri marar shi, sannan a gwada su tare a tanki ɗaya.