Hauhawar Alƙaluman Rashin Aikin Yi a Lokacin Farfaɗowar Tattalin Arziki

Sau da yawa alƙaluman rashin aikin yi kan ci gaba da hawa bayan tattalin arziki ya fara farfaɗowa daga koma baya. Wannan ba lallai ba ne ya nuna cewa al'amura sun ƙara taɓarɓarewa, domin wani lokaci yadda ake ƙidayar ne ke jawo hakan.

A ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ba duk wanda ba ya aiki ake sawa cikin marasa aikin yi ba. Sai wanda ba shi da aiki, yana shirye ya kama, kuma ya nema cikin makonni huɗu da suka gabata. Wanda ya nema har ya fid da rai ya zauna, ba ya cikin lissafi ko kaɗan, ko da yunwa na cinsa.

To, da zarar labari ya bazu cewa an fara ɗaukar ma'aikata, sai waɗannan mutane su dawo nema, a sake ƙidaya su. A ɗauka akwai mutum 90 masu aiki da 10 masu nema, wato kashi 10 cikin 100. Idan mutum 5 suka dawo nema, aka kuma ɗauki 2 aiki, masu aiki sun zama 92, masu nema 13 cikin 105. Adadin ya haura kashi 12, alhali ayyuka ƙaruwa suka yi.

Masu kamfanoni ma ba sa gaggawar ɗaukar sababbin hannu. Sukan fara ƙara wa ma'aikatan da suke da su awoyin aiki, sai sun tabbatar kasuwa ta dawo. A Amurka, koma bayan da ya ƙare a watan Yunin 2009 bai hana rashin aikin yi kaiwa kashi 10 a watan Oktoba na shekarar ba. Wanda ya ƙare a Maris 1991 kuwa, sai a Yunin 1992 adadin ya kai ƙololuwarsa, kashi 7.8.

Don haka kuskure ne a dogara da wannan adadi shi kaɗai. Masana kan haɗa shi da yawan masu aiki cikin dukkan waɗanda suka isa aiki, da kuma yawan waɗanda ake sallama. Idan rashin aikin yi ya hau tare da yawan masu aiki, dawowar masu nema ce. Idan kuwa masu aiki na raguwa, sallama na ƙaruwa, to farfaɗowar ba ta iso kasuwar ƙwadago ba tukuna.