Waiwaye: Kurdawa da neman ƙasar kansu

A ranar 25 ga Satumba, 2017, Kurdawan arewacin Iraƙi suka yi tururuwa zuwa rumfunan zaɓe, sama da kashi 90 cikin ɗari suka ce a raba gari da Bagadaza. Ba a cika wata guda ba sojojin Iraƙi suka ƙwace Kirkuk da rijiyoyin manta, daga baya kuma Masoud Barzani ya sauka daga shugabancin yankin Kurdawan. Amurka, wadda Peshmerga, wato mayaƙan Kurdawan Iraƙi, suka taya yaƙar ISIS, ta yi ko oho.

Ba yau farau ba. Yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta ba Kurdawa damar samun ƙasa bayan rushewar Daular Usmaniyya, ta Lozan ta 1923 ta shafe zancen. Aka bar su warwatse tsakanin Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya. Jamhuriyar Mahabad da suka kafa a Iran a 1946 ba ta cika shekara ba; Tarayyar Sobiyet na janye sojojinta, Tehran ta dawo, aka rataye shugaban jamhuriyar, Qazi Muhammad. A 1975 Sarkin Iran ya sasanta da Bagadaza a Aljiyas, ya janye wa Mustafa Barzani, jagoran tawayen Kurdawan Iraƙi, tallafi rana tsaka. Sai garin Halabja na Kurdawan Iraƙi a 1988, inda gubar da sojojin Saddam suka watsa ta kashe mutum kusan 5,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maƙwabtan nan huɗu. Ba sa ga maciji da juna, amma batun ƙasar Kurdawa bakinsu ɗaya ne, domin kowa na gudun gobarar ta tsallako gidansa. Turkiyya ta fi kowa jin zafi: yaƙinta da PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawan Turkiyya, tun 1984 ya ci rayuka sama da 40,000. Shi ya sa ta yi ta sa-in-sa da Amurka, ƙawarta a NATO, kan makaman da aka ba mayaƙan Kurdawan Siriya, waɗanda take kallo a matsayin reshen PKK, har ta kutsa arewacin Siriya a 2019 bayan Trump ya janye sojojinsa daga bakin iyaka.

A 2025 jagoran PKK Abdullah Ocalan, daga kurkukun tsibirin Imrali na Turkiyya, ya umarci PKK ta wargaje. A watan Yuli mayaƙa 30, maza da mata, suka jera bindigoginsu cikin wani ƙaton kasko kusa da birnin Sulaimaniya a arewacin Iraƙi, suka cinna musu wuta.