Motar Tobo Mai Ƙara da Hayaƙi: Yadda Ake Gyara Ta Ba Tare da Ta Rasa Ƙarfi ba

A aikinmu na duba-gari, ƙorafin da muka saba karɓa shi ne na kwata da bola da injin niƙa, amma a 'yan shekarun nan wani sabo ya shigo sahu, wato na motocin samari masu injin tobo (tobo na'ura ce da hayaƙin injin yake juyawa don ta cusa masa ƙarin iska) waɗanda aka yi wa kwaskwarima har ƙararsu take tada unguwa da tsakar dare. Wata dattijuwa ta taɓa tare ni a ƙofar gidanta, ta ce, “Ɗan nan, mu ba mu hana kowa hawa motarsa ba, amma duk daren da yaron nan ya dawo jikata sai ta firgita ta kwana tana kuka, ga shi malam yana fama da hawan jini.” Da na je na duba motar, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, sai na ga bututu ne miƙaƙƙe tun daga bakin tobo har wutsiya, babu tukunyar salansa ko ɗaya, kuma gefen bamba na baya ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wannan baƙin ya fi damuna fiye da ƙarar, domin ita ƙara kowa yana jin ta ya yi magana, shi kuwa hayaƙi shaƙarsa ake yi shiru.

Kunne ba ya warkewa idan ƙara ta lalata shi. Ma'aunin da ake aiki da shi a fannin lafiyar ma'aikata shi ne cewa mutum zai iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda idan aka kai desibel 100, abin da ya rage bai wuce minti 15 ba. Wanda ya fi shiga haɗari a nan shi ne makanike da yaransa, waɗanda suke tsugune a bayan mota ana taka totur. Su kuma maƙwabta, abin da ake ɗauke musu shi ne barci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagororin da ta fitar a 2018, ta danganta ƙarar ababen hawa da ciwon zuciya, ta kuma ba da shawarar kada ta wuce desibel 45 da dare.

Asalin matsalar hayaƙin yana wurin wani abu da makanikanmu suke kira indomi, saboda cikinsa mai ƙananan ramuka ya yi kama da dunƙulen taliyar. Matatar hayaƙi ce da aka shafe cikinta da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma idan ta ɗauki zafi tana juya gubobi uku zuwa abin da ba shi da illa sosai: iskar kabon monoksaid, da ragowar fetur da bai ƙone ba, da iskar naitirojin oksaid mai fusata huhu. Tun 1975 aka fara sanya ta a yawancin sababbin motoci a Amurka. A nan kuwa ta zama haja. Motar Beljiyam takan iso daga Kwatano an riga an fasa tukunyar an kwashe cikinta an sake yi mata walda, wani lokaci kuma mai motar ne da kansa yake ba da umarnin a cire, bisa zancen da ya yaɗu cewa tana danne ƙarfin injin. Gaskiyar da ke cikin zancen kaɗan ce, domin indomi da ta toshe tana danne injin, amma lafiyayya ba ta rage abin da direba zai ji a kan titin gari. Abin da ake samu bayan cire ta shi ne kabon monoksaid mai yawa, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kama shi sau fiye da 200. Idan akwai ɓula a bututun salansa a ƙarƙashin mota, gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne, to ciwon kai da jirin da direba yake ɗora wa gajiya yana iya zama daga nan ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne a sayo sabuwar indomi a ɗaura wa injin da ba shi da lafiya, bayan 'yan watanni ta narke, sai a ce ai jabu ce. Daga injin ake fara gyara. Launin hayaƙi yana faɗin inda ciwon yake, domin shuɗi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa, wanda a irin waɗannan motoci sau da yawa daga tobo ɗin kansa yake yoyo, baƙi kuma alama ce ta fetur ya fi iska yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi kuwa yana nuna ruwan lagireto yana shiga inda bai kamata ba. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, kuma sensar da ke gaban indomi ce take gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, yadda za ta riƙe wannan ma'auni. Saboda haka a duba filogi da nozul da wannan sensa, a toshe duk wata ɓula, kafin a kashe ko kwabo a kan salansa.

Sai kuma batun saitin ƙwaƙwalwar, wanda a ganina shi ne mafi muni a cikin duk kwaskwarimar da ake yi. Wannan tas-tas mai kama da harbin bindiga da mota take yi idan an ɗaga ƙafa daga totur ba alamar ƙarfi ba ce ko kaɗan. An saita injin ne ya riƙa tura fetur ɗanye cikin bututu ya fashe a can, kuma babu indomin da za ta daɗe tana jure wannan wuta, haka ma fuka-fukan tobo suna shan wahalarta. A garuruwan da mutane suka san ƙarar bindiga ta gaskiya, ban ga hujjar da wani zai kare wannan wasa da ita ba. Wanda ya saka wannan saiti yana iya cire shi cikin ƙanƙanin lokaci, kuma gudun mota ba ya raguwa. Haka nan bawul ɗin da ke yin huci idan an canza giya: a motocin da suke auna iska tun daga mashigarta, zubar da iskar waje yana sa ƙwaƙwalwa ta ba da man iskar da ba ta nan, don haka mai mayar da iskar cikin bututun shiga ya fi dacewa, kuma ya fi shiru.

Bayan injin ya daidaita sai a mayar da indomi kusa da bakin tobo, inda take saurin ɗaukar zafi. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi yana iya neman mai faɗin ramuka, wadda take barin hayaƙi ya wuce da sauƙi, ko da yake ba ta kai ta kamfani tacewa ba. A haska cikinta da tocila kafin a biya kuɗi, domin akwai gwangwani wofi a kasuwa. Kada kuma a yarda da ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a gindin sensar baya don fitilar gargaɗi ta mutu, saboda fitilar kawai yake kashewa, hayaƙin yana nan yadda yake.

Rage ƙarar ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato, domin tobo da indomi su kansu suna shanye wani kaso nata. Abin da ya rage shi ne a sa ƙaramar tukunya a tsakiyar bututu, wadda take kashe gunjin da ke cika cikin mota a kan doguwar hanya, sannan a sa babbar tukunya a baya, irin mai huɗajjen bututu a ciki da aka naɗe da zare mai jure zafi. Tobo ba ya son a shaƙe masa mafita, saboda haka girman tukunya ake nema, ba ƙuntata bututu ba. Na taɓa ganin an cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a wutsiyar salansa don a wuce shingen jami'ai, wanda ba abin da yake yi sai tara zafi a bayan tobo. Masu motar dizal kuma su sani cewa cire matatar toka da toshe bawul mai mayar da hayaƙi cikin injin laifi ɗaya ne da cire indomi, kuma tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar.

Ta fuskar doka, hukumar NESREA mai kula da bin dokokin muhalli a Najeriya, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana ƙara na 2009 da na hayaƙin ababen hawa na 2011, kuma jami'an duba lafiyar motoci suna da hurumin hana mota takardar cancantar hawa titi. Mai mota yana iya auna ci gabansa kafin ya je gabansu. A ajiye waya mai manhajar auna ƙara kimanin rabin mita daga bakin salansa, a ɗan karkace ba daidai da hucin ba, a riƙe totur a wuri ɗaya, a rubuta abin da ta nuna kafin gyara da bayansa. Waya ba ta kai na'urarmu daidaito ba, amma tana nuna bambanci, kuma ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu. A yi wannan gwaji a fili, ba a cikin rufaffen gareji ko zaure ba, kuma a sa yaron makanike ya toshe kunnensa ya koma gefe kafin a taka.