Tambayoyin da na gaji da amsawa kan tsofaffin rumbunan katako na Ingila

Irin rumbunmu ne?

A'a. Ƙaton zaure ne na itacen oak. Na Harmondsworth, kusa da filin jirgin Heathrow, tsawonsa ya kai mita 58. Dami ake jibgewa a ciki, a yi sussuka a tsakiya idan sanyi ya shigo.

Ashe ba na tara ushirar coci ba ne?

Yawancinsu a'a. Amfanin gonar mai filin ake zubawa. Na Harmondsworth kwalejin Winchester ce ta gina shi, wajen 1426. Ku daina maimaita abin da kuka gani a allon 'yan yawon buɗe ido.

An ɗebi samfur daga ginshiƙi, zoben ƙarshe na cikin itacen ya nuna, a ce, 1400. Shekarar gini ke nan?

To, nan ne sai a hankali. Itace yana ƙara zobe ɗaya duk shekara, mai faɗi a shekarar albarka, siriri a shekarar wuya, kuma da wannan jerin ake gano lokacinsa. Idan samfurin ya kai har gefen ɓawo, an san shekarar sara. Kafintocin wancan zamani ɗanyen itace suke aiki da shi, domin oak idan ya bushe yana ba gizago wahala, saboda haka gini bai cika wuce shekara ɗaya ko biyu bayan sara ba. Amma sau da yawa an fafe farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo, ko ƙwari sun cinye shi. Sai dai a yi ƙiyasi, tazarar ta kai shekara 30. Idan babu ko alamarsa, iyakar abin da za a ce shi ne “bayan shekara kaza”. Sannan wa ya ce ba daga wani tsohon gini aka ciro ginshiƙin ba? Duba ko akwai ramin haɗi da ba komai a cikinsa. Kada hankalinka ya tashi, ana warware wannan da samfuri daga katakai da yawa, kodayake itacen da zobensa bai kai 50 ba yakan ƙi magana.

Gwajin kabon fa, wato gano shekarun itace daga sinadarin kabon da ke cikinsa?

Tazararsa ta fi faɗi. Sai in ba yadda za a yi.

Wanne ya fi tsufa?

Rumbun sha'ir na Cressing Temple a Essex ake yawan ambata, farkon ƙarni na 13. Mayaƙan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista, su ne suka gina shi a filin da Sarauniya Matilda ta ba su a 1137. Na alkama da ke gefensa ya biyo baya da kusan shekara 50, kuma haɗin katakonsa ya riga ya sauya salo. Wannan ma na amsa shi ya fi sau goma.