Alƙaluman Cinikin Faifan Waƙa

Alƙaluman cinikin faifan waƙa su ne adadin kwafin faifai, kaset ko CD da ake cewa wani mawaƙi ya sayar, kuma da su 'yan jarida da marubuta tarihi suke auna girman sunansa. Duk da yawan ambatonsu, kaɗan ne daga cikinsu ake iya bin sawunsu har zuwa takardar ciniki, domin abin da ake kira "adadin da aka sayar" yakan fito ne daga hanyoyin ƙirga daban-daban waɗanda ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Mafi yawan manyan lambobin da ke yawo daga bakin kamfanonin faifai suka fito, kuma kamfani, kamar kowane ɗan kasuwa, ba ya kushe hajarsa. Faifan Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982, misali ne sananne: an fi cewa ya sayar da kwafi miliyan 70 a duniya, wasu kuma sun sha cewa ya haura miliyan 100, alhali abin da ƙungiyar masana'antar faifai ta Amurka, RIAA, ta tabbatar a 2021 shi ne miliyan 34 a ƙasar. Haka ake jingina wa Elvis Presley da ƙungiyar Beatles cinikin da ya kai biliyan ɗaya, ba tare da an gabatar da littafin da ya tara wannan jimla ba.

Shaidar da RIAA ke bayarwa ta fi maganar kamfani ƙarfi, amma ita ma tana da nata giɓi. An fara ba da lambar zinare a 1958, ta filatinam kuma a 1976, kuma a ma'aunin yanzu ta farko kwafi 500,000 ce, ta biyu miliyan ɗaya. Sai dai kamfani ne ke neman a duba masa littattafai kuma shi ke biyan kuɗin aikin, saboda haka faifan da mai shi bai nema ba zai zauna babu shaida ko da ya cika kasuwa. Bugu da ƙari, shekaru da dama ana ƙirga kayan da aka tura shaguna ne, ba wanda mai saye ya biya ya tafi da shi ba, kuma kundin da ya ƙunshi faifai biyu masu tsawo akan lissafa shi sau biyu. Ƙirga ciniki daga kan kantar shago bai soma a Amurka ba sai 1991, lokacin da mujallar Billboard ta koma amfani da tsarin SoundScan. Kafin nan masu shaguna ake tambaya abin da ya fi tafiya, su kuma su faɗi abin da suka ga dama. Zuwan sauraro ta intanet ya ƙara dagula lissafin, tunda daga 2016 RIAA na ɗaukar sauraro 1,500 a matsayin kundi ɗaya, wanda ƙiyasi ne da aka yi ittifaƙi a kansa, ba ciniki ba.

A Najeriya matsalar ta fi haka zurfi. Waƙar Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga, wadda kamfanin Rogers All Stars na Onitsha ya fitar a 1976, ana cewa ta sayar da kwafi miliyan 13, kuma wannan lamba ta shiga littattafai ne ta hanyar maimaitawa, domin ƙasar ba ta da hukumar tantance ciniki a wancan zamani. Manyan kamfanonin waje irin su EMI da Decca da PolyGram, waɗanda aƙalla suke riƙe da littafin shige da fice, sun janye daga ƙasar bayan tattalin arziki ya taɓarɓare kuma satar fasaha ta kaset ta cinye riba. Daga baya harkar ta koma hannun dillalan kasuwar Alaba a Legas, inda mawaƙi kan sayar da kundinsa a dunƙule, dillali kuma ya buga yawan da ya so. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, mai hedikwata a Abuja, aikinta yaƙi da satar fasaha ne, ba tattara alƙaluman ciniki ba.

Jos ta nuna wannan hali sarai. A garin ne mawaƙan zamani irin su P-Square da M.I da Ice Prince suka taso, kuma CD ɗinsu ya bi hannun masu talla a tashoshin mota da kan titi, inda na gaske da na bogi suke kwance a faranti ɗaya. Lamarin mawaƙan Hausa kuwa ya sha bamban tun daga tushe. Dan Maraya Jos, mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, waƙoƙinsa sun shiga gidaje ta rediyo da faifan garmaho, sannan ta kaset ɗin da masu shago ke naɗa wa duk wanda ya kawo fanko ya biya ladan naɗi, kuma babu rasit ɗin da ya biyo bayan irin wannan ciniki. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ko yawan waƙoƙinsa ba a daidaita a kai ba, balle kwafin da aka sayar. Dalili kuwa shi ne, arzikin makaɗin Hausa a fagen biki da kyautar iyayen gida yake, wato liƙi da riguna da dawakai da motoci da kujerar Makka, faifai kuwa talla ne kawai da ke kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba, don haka shi kansa bai damu ya ƙirga shi ba.

Bayan kaset da CD, masu tura waƙa a waya suka karɓi kasuwar. A Taminus ta Jos ko kasuwar Wuse ta Abuja, mutum kan miƙa katin memori a cika masa ɗaruruwan waƙoƙi da kuɗi kaɗan, ba tare da ko ɗaya ta shiga wani lissafi ba. Tun 2020 kamfanin TurnTable ke fitar da jadawalin waƙoƙin Najeriya bisa alƙaluman rediyo da manhajojin sauraro, amma abin da ya bi ta Bluetooth da WhatsApp, wanda ta nan waƙar Hausa ta fi yaɗuwa, ba ya shiga cikinsa.