Gwajin DNA da hukuncin kisa: me doka ta ce, me ake ƙara mata?

Duk sa'ad da aka yi kisan kai mai tayar da hankali a Sakkwato ko ƙauyukan kewaye, kafin a share makoki saƙonnin murya sun cika WhatsApp. Wani ya ce zamani ya zo, a ɗebi jinin wanda aka kama a yi gwajin DNA, wato ƙwayar halittar da ke bambanta jikin wani da na wani, in ya dace da wanda aka samu a wurin kisan a rataye shi kowa ya huta. Wani ya ce lauyoyi sun samu sabuwar kafa, duk wanda ba a yi wa gwajin ba kotu sakin sa za ta yi. Wani kuma ya rantse cewa shari'ar Musulunci ba ta san da wannan abu ba sam. Duka ukun ba haka zancen yake ba, kuma na farkon ya fi ba ni tsoro, don shi ne ke iya kai wuyan marar laifi ga igiya.

Dokar Shaida ta 2011, wadda babbar kotun jiha ke aiki da ita, ko sunan DNA ba ta ambata ba. Gwajin yana shiga kotu ne ta sashe na 68, mai magana kan ra'ayin ƙwararre a fannin kimiyya, kamar yadda shaidar likita ko ta mai duba zanen yatsa ke shiga. Ke nan ƙwararren zai tsaya gaban alƙali, lauyan wanda ake tuhuma ya yi masa tambayoyi, alƙali kuma ya auna maganarsa da sauran hujjoji. Ba dole ne ya karɓa ba. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 135 na Dokar Shaida kuma ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwa har sai ba a bar kokwanto mai ma'ana ba. Wannan ya shafi duk laifin da ke kai ga kisa, irin kisan kai da gangan da fashi da makami. A dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, ba a yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba lokacin aikata laifin hukuncin kisa, mai ciki kuwa ba a zartar mata sai ta haihu ta yaye.

Zancen cewa ba a kama mutum da laifi sai da DNA, shi ma ba shi da tushe. Kotunanmu na yanke hukunci da shaidar gani da ido, ko da alamomin da suka kewaye lamarin, ko da amsa laifin da mutum ya yi da bakinsa. Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa amsa laifi kaɗai ya isa, muddin mutum ya yi shi da son ransa kuma bai bar harshen damo ba. To a nan gizo ke saƙar.

Mutane na cewa wa zai amsa kisan da bai yi ba? Karon farko da aka yi amfani da DNA a binciken kisa ya amsa wannan tambaya. A yankin Leicester na Ingila an kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986. 'Yan sanda suka kama wani yaro ɗan shekara 17, Richard Buckland, ya amsa cewa shi ya kashe ta biyun. Aka kai samfur ga Alec Jeffreys, malamin jami'ar da ya gano dabarar a 1984, da niyyar a ɗora wa yaron kisan farko ma. Sai gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya yi kisan biyu, kuma ba Buckland ba ne. Wani mai gasa burodi, Colin Pitchfork, shi aka kama daga baya aka ɗaure a 1988. A Amurka kuwa, Kirk Bloodsworth shaidu biyar suka nuna, aka yanke masa hukuncin kisa a 1985 kan kashe wata yarinya 'yar shekara tara. A 1993 aka gwada tufafin yarinyar da aka adana, aka sake shi. Ƙungiyar Innocence Project, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ta lissafa mutum 375 da DNA ta wanke a can zuwa 2020, 21 daga cikinsu sun yi zaman jiran kisa, kuma a mafi yawan shari'o'in shaidar gani da ido ce ta yi kuskure.

Ka dawo da wannan gida. Mutumin ƙauye da ba ya jin komai sai Hausa ko Fulatanci, an tsare shi kwana da kwanaki, ba lauya, ba ɗan uwa. Wani ya rubuta bayani da Turanci, aka shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da duka a wurin bincike laifi, dokar 2015 kuma ta tanadi a ɗauki bayanin a bidiyo ko a gaban lauya. Dokokin suna da kyau a takarda. Amma idan ya ce an doke shi, shekara uku ko huɗu bayan raunin ya warke, maganarsa ce da ta jami'i ke karawa gaban alƙali. Irin wannan mutum ne gwajin DNA zai fi yi wa rana.

Sai dai masu cewa in ya dace a rataye, su ma su tsaya su ji. Abin da gwajin ke faɗa shi ne, jinin nan ko gashin nan ko yawun nan daga jikin wane ya fito. Ba ya faɗin yaushe ya sauka a wurin, ko ta yaya, balle niyyar mai shi. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki wanda aka soka ya ruga da shi asibiti, jinin mamacin na nan a bayan rigarsa. Maƙwabcin da ya ari wuƙa ranar Layya ya mayar, alamarsa na iya zama a ƙotar. A 2012 a jihar California an samu DNA na wani mutum, Lukis Anderson, a farcen wani attajiri da aka kashe, aka tsare shi kusan wata biyar kan tuhumar da ke iya kai shi ga kisa. Ashe a daren yana kwance asibiti. Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi su ne suka je wurin gawar daga baya, suka kai alamarsa ba su sani ba. A Jamus 'yan sanda sun shafe shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ke bayyana a wuraren laifi kusan arba'in, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a kamfanin da ke haɗa audugar ɗaukar samfur. Idan gwaji ya ce maniyyin da aka samu a jikin yarinya ba na wanda aka kama ba ne, wannan magana ce mai ƙarfi ƙwarai. Idan ya ce nasa ne ko jininsa ne, aikin mai gabatar da ƙara bai ƙare ba, sai ya nuna yadda alamar ta zo wurin.

Malamanmu ma kusan nan suka tsaya. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi, a zamanta na Makka a watan Janairun 2002, ta ce babu laifi a dogara da DNA wajen binciken laifuka, a kuma kafa hujja da shi a laifin da babu haddi ko ƙisasi a cikinsa. Dalilinsu shi ne ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha. Aiki da alama ba baƙon abu ba ne gare mu, rigar Annabi Yusuf (AS) da aka yage ta baya ita ta wanke shi. Fiƙihu ya kira irin wannan ƙarina. Ba a ɗaukar rai da ita kaɗai, amma tana iya kawo shubuhar da za ta hana a ɗauka. Mu a Sakkwato mun ga amfanin sake duba hukunci da idonmu: a 2001 kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa, a watan Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ta soke hukuncin saboda kurakuran da aka tafka a shari'ar farko.

Abin da ya fi damuna shi ne, hujjar da za a gwada ɗin tana lalacewa tun ranar farko. Kafin 'yan sanda su iso, unguwa ta taru, an taka jini, an ɗaga wuƙa an juya ta, wani ya share wurin ya zuba ƙasa don tausayin iyali. A yi wa gawa wanka a yi mata sutura kafin la'asar, kamar yadda addini ya koyar da gaggautawa, sau da yawa ba likitan da ya duba ta. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, abin da uwa ke fara yi shi ne ta yi mata wanka ta wanke zanen, don kunya da ɓacin rai. Ba mai zarginta, amma hujjar ta tafi da ruwan. Rigar da ke da jini kuma a cusa ta a baƙar leda a ƙulle, a zafin bazarar nan da ke haura maki 40, ta yi gumi ta ruɓe. Daidai shi ne a bar ta ta bushe a inuwa, a sa ta a takarda, kowace daban, a rage hannuwan da ke taɓa ta, mai rauni ko wadda aka ci zarafinta kuma a kai ta asibiti kafin wanka, cikin kwana uku na farko. Wurin gwajin ma ba kusa yake ba. Cibiyar DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 an lalata ta a tarzomar Oktoban 2020, kuɗin gwaji a wurare masu zaman kansu kuwa ya fi ƙarfin talaka.

Bayan an yanke hukunci fa? Wanda babbar kotu ta yanke wa kisa yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara ba tare da neman izini ba, sashe na 241 na Tsarin Mulki ya ba shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, sashe na 233 kuma zuwa Kotun Ƙoli. Wa'adin matakin farko kwana 90 ne. Ba a zartar da hukunci ana cikin ɗaukaka ƙara, kuma sai gwamna ya sa hannu, shi ne ma sashe na 212 ya ba ikon yin afuwa. Wannan kariya an taɓa keta ta: a 1981 gwamnatin Oyo ta kashe Nasiru Bello ƙararsa na gaban kotu, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an yi ba bisa doka ba, ta ba iyalinsa diyya. Shi kam ya riga ya tafi. Tun Disamban 2016, da aka rataye mutum uku a birnin Benin na jihar Edo, gwamnoni ke noƙewa wajen sa hannu, yanzu fiye da mutum 3,000 ke zaman jiran kisa a gidajen yarin ƙasar nan. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha ikon mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai idan mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara kuma shekara goma ta wuce ba a zartar ba.

Ga giɓin da nake ganin rashin adalci ne ƙarara. Kowace jiha a Amurka tana da dokar da ta ba ɗaurarre damar neman a gwada hujja bayan hukunci. Mu ba mu da irinta. Kotun ɗaukaka ƙara tana karɓar sabuwar hujja ne kawai bisa dalili na musamman, kuma sai in rigar ko wuƙar na nan ba ta ɓata a ɗakin ajiya ba. Majalisar dokokin jiha na da ikon gyara wannan a dokar shari'ar laifukanta. Kafin nan, iyalin da aka kama musu mutum kan laifin kisa su nemi lauya tun yana hannun 'yan sanda, in ba hali su je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid. Lauyan ya nemi kotu ta ba da umarnin adana kayan shaida. In kuma mai gabatar da ƙara ne ya zo da takardar gwaji, a nemi wanda ya yi gwajin ya zo da kansa ya faɗi wa ya ɗauki samfurin, a ina ya kwana, hannu nawa ya ratsa kafin ya iso gare shi, kuma ko an rage wani abu da za a iya sake gwadawa a wani wurin.