Wasan tayin ƙarshe

Wasan tayin ƙarshe gwaji ne da masana tattalin arziki ke yi don ganin yadda mutum biyu ke raba kuɗi idan ɗaya ne kaɗai ke da bakin yin tayi. Akan ba na farko wani adadi, a ce dala 10, shi kuma ya faɗi nawa zai ba na biyu. Idan na biyun ya sallama, kowa ya ɗauki rabonsa. Idan ya ƙi, kuɗin ya koma hannun masu gwajin, su biyun su tashi a tutar babu. A kasuwa mai kaya yakan ce "albarka" don a ƙara masa. A nan kuwa albarka ɗaya ta kashe cinikin. Galibi kuma 'yan wasan ba su san juna ba, ba sa ma ganin juna.

Asali

Werner Güth da Rolf Schmittberger da Bernd Schwarze ne suka fara buga sakamakon wannan gwaji a 1982, bayan sun yi shi da ɗalibai a Jami'ar Kolon ta Jamus. Lissafin masana a lokacin ya nuna cewa mai karɓa, in dai riba kawai yake dubawa, ba zai ƙi ko da kwabo ba, tunda kwabo ya fi babu. Mai tayi da ya san haka sai ya miƙa mafi ƙanƙanta, ya riƙe saura.

Ba haka ta kasance ba. A wancan gwaji da ɗaruruwan da suka biyo bayansa, yawancin masu tayi sukan ba da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a cikin tayin da suka gaza kashi 20 kuma ana watsi da kusan rabinsu.

Adalci ne ko tsoro?

Tambayar farko ita ce ko mai tayi adali ne, ko kuwa gudun kada a ƙi tayinsa yake yi. Don rarrabewa aka ƙirƙiro wasan mai kama-karya, inda na biyu ba shi da ikon ƙi. Robert Forsythe da abokan aikinsa sun nuna a 1994 cewa a nan kyautar takan ragu sosai, ko da yake ba ta ɓacewa. Da Elizabeth Hoffman da Vernon Smith da abokansu suka tsara shi ta yadda ko mai gwajin ba zai san wa ya ba da me ba, fiye da rabin mutanen ba su ba da komai ba. Wato akwai kunyar idon jama'a a cikin abin.

Ɓangaren mai karɓa ya fi ban sha'awa, domin shi ne ke jefar da kuɗi da hannunsa. Ernst Fehr da Klaus Schmidt sun bayyana wannan a 1999 da cewa mutane na ƙin bambancin rabo, musamman idan su ne a ƙasa. Amma niyya ma tana shiga: Sally Blount ta gano a 1995 cewa an fi haƙura da ƙaramin tayi idan aka san ƙuri'a ce ta fitar da shi, ba mutum ba.

Koyo

A 1991 Alvin Roth da Vesna Prasnikar da Masahiro Okuno-Fujiwara da Shmuel Zamir suka buga gwajin da suka yi a Kudus da Lubliyana ta Sulobeniya da Fitsbag ta Amurka da Tokiyo. Kowane ɗan wasa ya yi zagaye 10, kowane zagaye da sabon abokin ciniki. A ƙarshe tayin da ya fi yawa a Fitsbag da Lubliyana rabi ne, a Tokiyo da Kudus kuwa wajen kashi 40. Inda tayi ya yi ƙasa, masu karɓa ma sun fi sauƙin sallamawa, kamar dai kowane gari ya daidaita kan abin da yake ɗauka a matsayin daidai. Abin lura shi ne, a biranen nan huɗu an kuma yi gwajin kasuwa, masu saye tara suna takara kan hajar mutum ɗaya, kuma ko'ina mai hajar ne ya kwashe kusan dukkan ribar. Mutane iri ɗaya, tsari daban, rabo daban.

Daga nan Roth da Ido Erev, da kuma John Gale da Ken Binmore da Larry Samuelson, suka kawo bayanin koyo, duka a 1995. Mai tayin da ya miƙa dala 2 aka ƙi ya yi asarar dala 8, don haka da wuri yake hankalta. Wanda ya ƙi kuwa dala 2 kacal ya rasa, darasin bai shige shi sosai ba. Kafin masu karɓa su koyi haƙuri da ɗan kaɗan, masu tayi sun riga sun daina miƙa ɗan kaɗan ɗin. Wannan bayani bai kore batun adalci ba, tunda sai an fara samun masu ƙi kafin a sami abin koya, amma ya nuna dalilin da rabon kusa da rabi ke ɗorewa.

Girman kuɗi da al'ada

Lisa Cameron ta yi gwajin a Indunusiya da kuɗin da ya kai abin da mutum ke kashewa a wata uku, tayi bai sauka ba, sai dai ƙi ya ɗan ragu. Robert Slonim da Roth sun ga irin wannan raguwar ƙi a Sulobakiya, a binciken da suka buga a 1998, inda masu tayin manyan kuɗi suka riƙa rage tayinsu da suka goge da wasan.

Joseph Henrich da tawagarsa sun kai gwajin ƙananan al'ummomi 15, suka buga sakamakon a 2001. Mutanen Machigenga na Peru, waɗanda kowane gida ke cin gashin kansa, sun ba da kimanin kashi 26, kuma da wuya a ƙi. Mafarautan kifin wale na Lamalera a Indunusiya, da suka saba aikin gayya a cikin jirgi da rabon nama, sun ba da kimanin kashi 58. A cikin mutanen Au da Gnau na Papuwa Sabuwar Gini an sami masu ƙin tayin da ya haura rabi, domin a al'adarsu karɓar babbar kyauta ɗaukar bashi ne da za a zo nema wata rana.